Hanjin Akuya da Sharaɗin Asghari Begum

"Ammi ta amince," in ji Shujaat.

Tahniyat ta dire kofin shayi da ƙarfi har ya fantsalo mata a farar rigar aiki. Shekara biyu cur tana jiran wannan maganar, yau ga ta ta zo, amma mai kawo ta ya sunkuyar da kai kamar wanda aka aiko da saƙon ta'aziyya.

"To kallon me kake yi wa tebur? Ɗago ka dube ni. Ta amince, sai kuma me?"

"Sai sharaɗi."

Suna zaune ne a ɗakin cin abinci na kamfanin magungunan da suke aiki a Shamirpet, can bayan garin Hyderabad. Ita ke haɗa maganin, shi ke auna yawan abin da ya ratsa hanji. A nan suka haɗu, a nan suka yi ta faɗa a kan sakamakon awo, a nan kuma faɗan ya rikiɗe ya zama abin da har mai gadi ya sani.

Matsalar ɗaya ce. Shujaat ɗan gidan sharifai ne, masu tsohon gidan nan mai ƙatuwar ƙofar katako a Purani Haveli. Ita kuwa Tahniyat, duk da digirinta uku, 'yar Ghouse Qureshi ce, mahaucin Yakutpura. Mahaifiyar Shujaat, Asghari Begum, ta sha faɗa a gaban kowa cewa ko digiri goma aka jera ba za su rufe ƙarnin jini ba.

"Faɗi sharaɗin, ina ji."

"Ƙwayar nan taki take so. Ta ce ki kawo mata ta wata ɗaya ta huta da allurar ciwon suga, ita kuma ta tako da ƙafarta neman aurenki."

Tahniyat ta zaro ido.

"Ƙwayar da ko ɓeraye ba su gama shaidarta ba? Wa ma ya gaya mata akwai ta?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne. Yabonki nake yi, sai baki ya zarce."

"Allah Ya shirye ka da bakin nan naka, Shujaat!"

"Na rantse mata ba zai yiwu ba. Sai ta ce wai..."

"Wai me?"

"Wai ai 'yar mahauci ta iya ƙunshe abu a takarda ta tura a jaka."

Nan take idanunta suka kawo ruwa. Ta goge da bayan hannu, wasu suka sake zubowa.

"Kai ne fa ka yi awon jiya. Cikin kashi ɗari, uku ne suke ratsawa. Wata rana biyu, wata rana bakwai, mu kanmu ba mu san dalili ba tukuna. Ran da bakwan ya faɗa jikin tsohuwa, sugarta ta zube tana kwance, wa za ka kama? Ni ko kanka?"

"Na sani, Tahniyat."

"Ka kuma san Juma'ar nan Abba zai ba Phuppu amsa?"

Wannan karon shi ne ya zaro ido.

Phuppu Zaibunnisa yayar mahaifin Tahniyat ce, kuma tun yarinyar tana goye ta yi wa ɗanta Jaleel kamu. Ghouse ya yi ta ja mata rai da sunan karatu. Karatu ya ƙare, ya ce aiki. Yanzu uzuri ya ƙare, ta ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci take son jin e ko a'a, in kuwa a'a ce, kada ya halarci jana'izarta.

Da yamma Tahniyat na fitowa daga ƙofar kamfani ta tarar da Jaleel ya jingina da farar motarsa, zobba huɗu a hannu ɗaya, ƙamshin turarensa ya tsallaka titi. Ba mugun mutum ba ne. Shagunan nama uku gare shi, yana kuma kai kaya Dubai, illarsa kawai in ya fara magana ba ya jin ta kowa.

"Likita! Shigo in kai ki gida, kada ƙura ta ɓata mana ilimi."

"Motar kamfani na jira na, Jaleel Bhai."

"Daina ce mini Bhai, ni ba yayanki ba ne, saura kwana uku. Kin ga, na yi tunani. Kina wahalar da kawuna, babanki, kullum a kan hanjin akuya ɗaya tal. In mun yi aure zan gina miki ɗaki a saman bene, da firji, kullum a kawo miki hanjin akuya ɗari. Ki yi ta juya abinki har ki gaji. Wane sharifi ne zai iya miki haka?"

Duk da nauyin da ke ƙirjinta sai da dariya ta ƙwace mata.

"Wallahi ba a taɓa yi wa mace alkawari mai ƙamshi irin wannan ba."

"Ka ji! Na san za ki gane." Ya shige mota yana washe baki, bai ko lura ba'a take yi masa ba.

Washegari Laraba, bayan la'asar, Tahniyat ta tsaya a ƙofar gidan su Shujaat. Ba ta gaya masa za ta zo ba. Ta ce in ma ƙi za ta yi, gara ta yi shi ido da ido.

Ta tarar da Asghari Begum a kishingiɗe bisa gadon katako a tsakar gida, carbi a hannu, tulun ruwa a gefe. Tsohuwa ce fara, doguwa, mai hanci kamar an zana. Ba ta ce wa baƙuwar ta zauna ba, sai Tahniyat ta durƙusa a bakin darduma ta gaishe ta.

"Kin kawo?"

"Ban kawo ba, Begum Sahiba. Na zo ne in gaya miki dalili."

"Dalili na sani. Ba kya son ɗana."

"Don Allah ki ara mini carbin nan naki."

Tsohuwar ta harare ta, amma son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfinta. Ta miƙa mata.

Tahniyat ta kama carbin ta ɗaga shi. "Maganin da ake yi miki allurarsa kamar wannan yake, ƙwayoyi ne a jere a zare. Kuma jinsinsa ɗaya da nama. Shi ya sa in kika haɗiye shi, cikinki ba ya ganin magani, tsoka yake gani. Sai ya sa almakashinsa ya yi gunduwa-gunduwa da shi. Ɗan abin da ya tsira kuma ya yi wa bangon hanji girma, ba ya iya ratsawa ya shiga jini."

"To ke me kike yi da kike karɓar albashi?"

"Dabara nake yi wa cikin. Wuraren da almakashin ya saba kamawa, sai in sauya ƙwayar da wata mai kama da ita wadda bai san ta ba. Wani zaren in ɗaure bakinsa da bakinsa ya zama zobe, a rasa ta inda za a fara yanka. Sannan in ɗaura masa ɗan jelar kitse, don bangon hanji yana buɗe wa mai maiƙo hanya. Shekara huɗu ina wannan. Da farko ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ya wucewa, yanzu uku ne."

"Uku!" Asghari Begum ta tafa hannu. "Shekara huɗu, uku! Ai ko mai wankina ya fi ki cin riba. To ba ni ukun, na gode."

"Ba kullum ne uku ba. In ya wuce ƙima zai iya kashe ki. Ba a taɓa ba ɗan Adam ba, ba kuma zan fara da uwar Shujaat ba."

"Ke, yarinya, kin san abin da kike yarwa? Ɗana kike yarwa."

Hawaye suka ɓalle wa Tahniyat.

"Na sani. Wallahi na sani. Jibi za a ba da ni ga wanda ba na so, ba kuma wanda zai hana sai ke. Da zan iya sayen yardarki da idona ɗaya da na cire na ba ki. Amma ba zan shigo gidan nan amarya in fita da makararki ba. Ya zan kalli fuskarsa? Gara ya rasa ni yana da uwa."

Tsohuwar ta kau da kai, ta ɗauki kofi ta cika da ruwa ta shanye. Karo na uku ke nan tun zuwan Tahniyat. Garin miƙa hannu zanen da ta rufe ƙafa da shi ya zame. A babban yatsanta na dama akwai wani ɗan gyambo, gefensa ya yi duhu.

Kukan Tahniyat ya tsaya cak.

"Begum Sahiba, yaushe rabonki da allura?"

"Ina ruwanki?"

"Kwana nawa?"

"Tara!" tsohuwar ta faɗa da ƙarfi. "Tara, kuma ba abin da ya same ni. Shekara goma sha biyu ana huda ni safe da yamma kamar rariya. Tun da aka ce ƙwaya na tafe na ce na gama. In kika gaya wa Shujaat ban yafe ba. Tashi ki ba ni wuri."

Tahniyat ta miƙe, ta ajiye carbin a gefen gado. Har ta kai zaure ta juyo.

"Zan gaya masa, ko kin yafe ko ba ki yafe ba. Yatsan Ammina haka ya fara."

Ta fita. Kafin ta kai titi ta buga masa waya.

Ranar Alhamis da sanyin safiya, an idar da sallar asuba gari ya fara haske, Tahniyat na shagon mahaifinta kamar kullum. Ta ɗaure gashi, ta sa safar hannu, kular ƙanƙara a gabanta. Ghouse ya farke akuyar farko, ya yanko mata hanji mai ɗumi kamu biyu, ta saka a kular. Dole ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya yana da sauran rai. A can za ta juya shi ciki ya koma waje kamar safa, ta ɗaure, ta tsoma a ruwan magani, Shujaat ya auna abin da ya ratsa.

Idanunta sun kumbura. Uban ya gani, shi ya sa yau ya zaɓar mata hanjin da ya fi kowanne kyau.

Wata mata cikin baƙin burƙa, fuska a rufe, ta tsaya a bakin shago tana dogara sanda. Can nesa wani adaidaita sahu ya tsaya bai kashe inji ba.

"Sannu da zuwa, Khala," in ji Ghouse da fara'arsa ta kasuwa. "Cinya ko haƙarƙari? In farfesun ƙafa za a yi, ga su nan na babbake da hannuna."

Matar ta nuna kular ƙanƙara da sanda. Murya can ƙasa ta ce, "Wannan fa, na sayarwa ne?"

"A'a, wannan na likita ne." Ya buga ƙirji. "'Yata ce. Koya wa magani take yi yadda zai bi ta ciki ba a cinye shi ba. Ni ma da farko ban gane ba, sai da ta ce jelar kitse take ɗaura masa. Na ce ashe sana'ar gidanmu ce! Shekara arba'in ina gaya wa mutane nama ba ya wucewa sai da ɗan kitse, ba wanda ya ba ni digiri."

"Abba, don Allah," in ji Tahniyat.

"Bar ni in faɗa. Kin san me ya sa ta zaɓi wannan aikin, Khala? Uwarta. Allah Ya jiƙan Sughra, mace ce da za ta kama bijimi da hannu, amma in ta ga allura sai ta shige bayan ƙyaure. Ta riƙa ɓoye mana tana cewa ta yi. Daga yatsa aka fara yanka, aka dawo idon sawu, aka dawo gwiwa. Ni da nake yanka kullum, ran nan na kasa tsayuwa. Yarinyar nan tana 'yar shekara sha huɗu ta ce, Abba, sai na mai da allurar nan ƙwaya."

Ya goge wuƙa a tsumma, ya ja numfashi.

"Yanzu kuma wai wata Begum, can a manyan gidaje, ta ce 'yata na ƙarni. Ta kuma ce sai ta sato mata magani. Na ce to madalla. Gobe zan ba ɗan yayata ita. Surutu ne da shi kamar rediyo, amma uwarsa ba za ta toshe hanci in na shiga gidanta ba."

Matar ta matso kusa. Sannan ta sa hannu ta ɗage mayafin fuskarta.

Kular ƙanƙara ta kusa suɓuce wa Tahniyat.

"Begum Sahiba!"

Ghouse ya dubi 'yarsa, ya dubi matar, ya dubi wuƙar da ke hannunsa, ya yi maza ya ɓoye ta a bayansa.

"Ni ce mai toshe hancin," in ji Asghari Begum. Idanunta jajur. "Ci gaba, Ghouse Miyan, ai ba ka gama ba."

"Na gama, ranki ya daɗe. Na ma wuce inda ya kamata in tsaya."

Sai ga Shujaat ya fito daga adaidaitan da gudu, ƙaramar jakar magani a hannu, gashi a hargitse.

"Tun jiya nake fama da ita," ya ce yana haki. "Na kira likita ta kore shi. Na kira nas ta jefe ta da takalmi. Da asuba ta ce in kawo ta nan, in kuma na fito daga keken sai ta tsine mini."

"Kuma ka fito," in ji uwar.

"Na fito, Ammi."

Ta juya ga Tahniyat. "Ke. Jiya kin yi mini rashin kunya a cikin gidana. Kin hana ni abin da na roƙa, kin kuma kai ƙarata wurin ɗan da na haifa. A dangina kaf ba wadda ta taɓa yi mini haka. Duk tsorona suke ji, da sun bar ni na ruɓe." Muryarta ta karye. "Kin iya allurar da ba zafi?"

"Na yi wa Ammina ta shekara biyu. Takan ce hannuna ya fi na kowa sauƙi, in dai ta yarda ta tsaya."

"To zo ki yi, kafin in canza shawara."

Aka shigar da ita bayan labule, aka kakkaɓe mata kujerar Ghouse. Tahniyat ta wanke hannu har gwiwa, ta auna sugar, ta ga adadin ta yi salati a zuci. Ta kira likitan tsohuwar a waya ya faɗi yawan da za a yi, ya ce kuma lallai a kawo masa ƙafar nan yau.

Asghari Begum ta runtse ido, ta damƙe hannun ɗanta, ta fara kururuwa.

"Wayyo Allah! Wayyo na shiga uku! A hankali, 'yar nan, a hankali! Shujaat, ka ce ta dakata in shirya!"

"Ai an gama, Begum Sahiba."

Ta buɗe ido ɗaya. "Ƙarya kike."

Tahniyat ta nuna mata allurar, ba komai a ciki. Daga waje aka jiyo Ghouse yana ƙoƙarin mai da dariyarsa tari.

Tsohuwar ta gyara burƙa, ta fito da martabarta kamar ba ita ce ta tara maƙwabta yanzu ba. Ta tsaya a gaban mahaucin, a tsakanin cinyoyin da ke rataye.

"Ghouse Miyan, na janye sharaɗina. Ƙwaya in ta nuna, ko shekara goma ce, ni ce ta farko a layi. Yanzu na zo neman wa ɗana auren 'yarka. Ga ni a shagonka, hancina kuma a buɗe."

Tahniyat ta rufe fuska da tafin hannu. Shujaat ya yi ta murmushi kamar wanda aka biya wa Makka.

Amma Ghouse bai yi murmushi ba. Ya shafa gemu.

"Kin girmama ni, ranki ya daɗe, kuma na ji daɗi. Sai dai kin makara da kwana ɗaya. Jiya da na ga yarinyar nan ta dawo tana kuka, zuciya ta ɗebe ni na aika wa yayata cewa ta shirya, gobe amsarta e ce. Yanzu haka na san an fara soya alawa. Ni kuma duk Yakutpura an san ba na iya haɗa ido da Zaibunnisa. Ita ta goya ni. In ta sake ni, na ba ku. In ba ta sake ni ba..." ya buɗe hannuwa.

"Abba!" Tahniyat ta faɗa, hawaye sabbi suna zubowa.

"Ki yafe ni, 'yata. Ban san manya na zuwa shagon mahauci ba."

Shujaat ya yi zuru-zuru. "Ammi, yanzu ya za mu yi?"

Asghari Begum ta dubi ɗanta sama da ƙasa, kallon tausayi.

"Wannan Zaibunnisar, faɗa ne da ita?"

"Ranki ya daɗe," in ji Ghouse, "ta taɓa korar ɗan sanda da ludayi."

Wani irin haske ya bayyana a fuskar tsohuwar, irin wanda ɗanta ya daɗe bai gani ba.

"Alhamdulillahi. Shekara da shekaru ban samu daidai da ni ba." Ta nuna Tahniyat da sanda. "Ke, ɗauki hanjinki ki wuce aiki kada ya mutu, uku ɗin nan ba za su zama goma da kansu ba. Kai kuma, Ghouse Miyan, yanko mini cinya mafi kyau, ba a shiga gidan mutane hannu rabbana."

"Ammi, likita ya ce a kai masa ƙafarki yau," in ji Shujaat.

"Zai gan ta da azahar. Ƙafar da za ta je wurin likita, bari ta fara taka gidan Zaibunnisa."

Ta karɓi ƙunshin naman da hannunta, ta rungume shi a jikin burƙarta mai tsada, ta ɗingisa zuwa adaidaita. Ta zauna daram, ta zungure direban da sanda a kafaɗa.

"Ja mu je, malam. Kuma ka yi ta danna hon tun daga bakin layi, ina so ta san na iso."